Daga Benci Zuwa Ofis: Da Me Maljkovic Ya Cancanci Kujerar Olamfik?

A watan Mayun 2017 aka zaɓi Bozidar Maljkovic shugaban Kwamitin Olamfik na ƙasar Sabiya, ya gaji Vlade Divac, tsohon ɗan wasan NBA da ya riƙe kujerar tun 2009. Maljkovic yana da shekara 65 a lokacin, kuma ya kusa shekara huɗu rabonsa da benci. Wanda ya san ƙwallon kwandon Turai ba sai an gabatar masa da shi ba, domin sau huɗu ya ɗaga kofin zakarun nahiyar, da ƙungiyoyi uku, a ƙasashe uku. Sai dai akwai tambayar da masu yabo kan tsallake: me ya haɗa horar da 'yan wasa da shugabancin kwamiti? Koci mutum goma sha biyu yake juyawa, yana ganinsu safe da yamma, ya san mai ciwon gwiwa, ya san wanda hankalinsa ya tafi gida. Shugaban kwamitin Olamfik kuwa da hukumomin wasanni barkatai yake hulɗa, da ma'aikatar gwamnati, da kamfanonin da ke zuba kuɗi, kuma babu wanda zai iya tsayarwa ya ce masa sake wannan gudun. Ni a ganina mutanen Sabiya sun yi zaɓi mai kyau, amma hujjar da aka fi kawowa, wato yawan kofuna da yawan lambobin da suka biyo baya, ita ce mafi rauni a cikin hujjojin. Hujja mai ƙwari tana cikin yadda ya ci kofunan, musamman guda ɗaya daga cikinsu.

An haife shi ranar 20 ga Afrilun 1952 a Otocac, garin da yau yake cikin Kuroshiya, ya tashi a Kraljevo ta Sabiya. Bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Tun yana ɗan shekara 19 ya kama horarwa a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Usce a Belgrade, ya bi ta Radnicki, sannan ya yi mataimakin Ranko Zeravica a Red Star. Wannan hawa daki-daki shi ne tsarin Yugoslabiya a wancan zamani. Koci yakan yi almajiranci a hannun na gaba da shi, ya horar da yara kafin a ba shi manya, kuma doka ta daɗe tana hana ɗan wasa fita waje sai ya kai shekara 28, saboda haka gasar cikin gida take cike da gwanaye. Babban malamin wannan makaranta shi ne Aleksandar Nikolic, wanda suke kira Farfesa, mutumin da ya ci kofin Turai sau uku da Varese ta Italiya, ya kuma ci kofin duniya da Yugoslabiya a 1978. Shi ne ya ba shugabannin Jugoplastika ta birnin Split shawara a 1986 su ɗauki wannan mataimaki ɗan shekara 34 da ba kowa ya san shi ba. Maljkovic ya tarar da samari irin su Toni Kukoc da Dino Radja, ya ga suna da baiwa amma babu dattijo a cikinsu, sai ya ɗauko Dusko Ivanovic daga Buducnost ya zame musu jagora a fili. Suka ci gasar Yugoslabiya sau uku a jere daga 1988. A 1989 suka je Munich ba wanda ya sa su a lissafi, suka doke Maccabi Tel Aviv da maki 75 da 69 a wasan ƙarshe, Kukoc yana ɗan shekara 20. Shekara ta zagayo suka doke Barcelona 72 da 67 a Zaragoza, a ƙasarta ta Sifaniya.

Nan masu shakka suke samun abin faɗa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wanda aka ba Kukoc da Radja, mutum biyu da daga baya suka yi fice a Chicago Bulls da Boston Celtics, ko da barci yake yi zai ci kofi. Suna kuma da shaida mai zafi: da Maljkovic ya koma Barcelona a 1990, ƙungiyar da ya bari ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1991 a ƙarƙashin wani koci, Zeljko Pavlicevic, ta doke shi da kansa 70 da 65 a Faris, ba tare da Radja da Ivanovic ba. Ana iya karanta wannan a ce ashe ba shi ne sirrin ba. Ana kuma iya karanta shi a ce ya gina gida mai ƙarfin da ya tsaya bayan magini ya tafi, kuma wannan karatu na biyu ya fi dacewa da abin da ya faru daga baya, domin Ivanovic da Velimir Perasovic da Zan Tabak da Luka Pavicevic duk sun zama masu horarwa, Zoran Savic kuma ya zama jami'in gudanarwa a Barcelona da Partizan. Ƙungiyar da 'yan wasanta suka watse suka zama malamai, lalle an koyar da wani abu a cikinta. Duk da haka, da a Split tarihinsa ya tsaya, da gardamar ba ta yanke ba.

Limoges ce ta yanke ta. Gari ne matsakaici a tsakiyar Faransa wanda aka fi saninsa da tangaran, kuma a 1992 da Maljkovic ya karɓi ƙungiyarsa, ba ta da kuɗin manyan ƙungiyoyin Italiya da Sifaniya da Girka, ba ta da dogon da zai tsaya gaban Arvydas Sabonis. Yana da Ba'amurke Michael Young mai jefawa, da kyaftin Richard Dacoury, da Jim Bilba, da Jure Zdovc ɗan Slobeniya, sauran kuwa ma'aikata ne masu jin magana. Sai ya zauna ya yi lissafi. Idan wasa ya yi sauri aka yi ta musayar hari, mai gwanaye ne zai yi nasara, domin kowane hari dama ce ga baiwa ta nuna kanta. Idan aka rage yawan hare-haren, tazarar da ke tsakanin gwani da ma'aikaci takan ragu. Dokar wancan lokaci ta ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta riƙe ƙwallo kafin ta jefa, shi kuwa ya sa yaransa su riƙa cinye kusan dukkan daƙiƙun, sannan su koma baya su tsare gida kamar ransu ya dogara a kai. A watan Afrilun 1993 a Piraeus, Real Madrid da Sabonis ɗinta maki 52 kacal ta iya samu, Limoges ta samu 62. A wasan ƙarshe sai ga Benetton Treviso, kuma tauraronta Kukoc ne, yaron da Maljkovic ya raina da hannunsa. Ana saura 'yan daƙiƙu, tazarar ba ta wuce jifa ɗaya ba, ƙwallo tana hannun Kukoc, duk wanda ke zauren ya san shi zai yanke hukunci. Frederic Forte, wanda ba shi ne tauraron Limoges ba, ya miƙa hannu ya zare ta. Aka tashi 59 da 55. Limoges ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ci kofin zakarun Turai, makonni shida kafin Marseille ta ci nata a ƙwallon ƙafa.

Kocin Benetton, Petar Skansi, ya fito yana ƙorafin cewa irin wannan wasa kashe ƙwallon kwando ne, kuma mutane da yawa sun bi bayansa. Ban ga laifin mai kallo da ya biya kuɗinsa yana son ganin gudu da tsalle ba, kuma a shekarar 2000 hukumar FIBA ta rage lokacin riƙe ƙwallo zuwa daƙiƙa 24. Amma abin da ya faru a Piraeus aikin mai gudanarwa ne tsantsa, ko da yake a benci aka yi shi. Mutum ya duba abin da ke hannunsa ba tare da ruɗin kai ba, ya gane inda ba zai iya gasa da masu ƙarfi ba, ya tattara ɗan abin da yake da shi a wuri ɗaya, sannan ya shawo kan mutane masu girman kai su yarda da tsarin da ba zai sa a tafa wa kowannensu shi kaɗai ba. Wannan ita ce matsalar kowace ƙaramar ƙasa a gasar Olamfik. Sabiya ba ta kai mutum miliyan 7 ba. Ba za ta iya zuba kuɗi a kowane wasa kamar Amurka ko Sin ba, dole ta zaɓi inda take da malamai da al'ada da yara masu tasowa, ta haƙura da sauran. Wanda ya taɓa cin Turai da maki 59 ya san ɗacin irin wannan zaɓi, ya kuma san yadda ake jure zagin da ke biyo bayansa.

Sauran tarihinsa na benci sananne ne, kuma gaskiya ta sa a ce akwai sa'a a ciki. A 1996 Panathinaikos da yake horarwa, wadda 'yan gidan Giannakopoulos suka zuba wa dukiya har suka ɗauko Dominique Wilkins daga NBA, ta doke Barcelona 67 da 66 a Faris, ta zama ta farko daga Girka da ta ci kofin. Da ɗan wasanta Stojko Vrankovic bai ruga daga wancan ƙarshen fili ya tare jifar Montero na Barcelona a daƙiƙun ƙarshe ba, da labarin ya sha bamban, kuma har gobe mutanen Barcelona suna cewa ƙwallon ta riga ta taɓa allo kafin ya tare ta. Sun kai ƙara, sakamakon bai canza ba. Maljkovic ya ci kofin Korac da Unicaja ta Malaga a 2001. A 2005 ya ci gasar Sifaniya da Real Madrid a Vitoria, bayan ana binsu maki takwas ana saura ƙasa da minti ɗaya, Alberto Herreros ya jefa mai maki uku daga kusurwa, aka tashi 70 da 69. Kocin da ya sha kayen kuwa Ivanovic ne, tsohon kyaftin ɗinsa na Split. Shekarun ƙarshe, a tawagar Slobeniya da Lokomotiv Kuban da Cedevita, ba su ƙara masa komai ba. Abin da ya fi amfani ga batunmu a duk wannan zango shi ne gajeren zamansa a Barcelona, inda saɓani da Aito Garcia Reneses, wanda ke riƙe da ofishin gudanarwa a lokacin, ya kai ga barinsa aiki. Ya ɗanɗana da kansa abin da ke faruwa idan benci da ofis suka ja igiya ɗaya ta fuska biyu.

To, me ya faru da ya hau kujerar? A Tokyo, gasar da annobar korona ta ɗage zuwa 2021, Sabiya ta samu lambobi tara, uku na zinare, mafi yawa tun da ta fara shiga da sunanta ita kaɗai. A Faris a 2024 ta samu biyar, uku na zinare. Masoyansa kan tsaya a nan su ce magana ta ƙare, ni kuwa nan nake rabuwa da su. A Rio a 2016, kafin zuwansa, Sabiya ta riga ta samu takwas. Milica Mandic da ta ci zinaren taekwondo a Tokyo ta taɓa cin irinsa a Landan tun 2012. Tawagar ƙwallon ruwa ta fara jerin zinarenta uku ne a Rio, a hannun Dejan Savic. Novak Djokovic kuwa, wanda ya doke Carlos Alcaraz a Faris ya samu zinaren da ya daɗe yana nema, babu kwamitin da zai ce shi ya gina shi. Ɗan wasan da ya hau dandamali yau, shekara goma ko fiye da suka wuce wani malami a wani ƙaramin zaure ya fara tanƙwara shi tun yana ɗanye. Shugaban da ya zo da tsakar rana ya ce shi ya shuka, ya ɗauki abin da ba nasa ba. Kuma wanda ya karɓi yabon tara na Tokyo, dole ya karɓi tambayar abin da ya sa suka koma biyar a Faris.

Aikin irin wannan ofis ba a ganinsa sai ranar da ya lalace. Shi ne tabbatar da cewa tallafin ɗan wasa ya shiga hannunsa a kan kari, an yi masa gwajin ƙwayoyi adadin da doka ta ce, sunansa ya shiga takarda kafin a rufe rajista, kocinsa ya samu katin shiga, likita yana nan, sansanin horo ya fara lokacin da ya kamata. Mai karatu a Nijeriya ya san ciwon rashin wannan ba sai an ba shi labari ba. A Tokyo 'yan tsere da tsalle goma na Nijeriya aka hana shiga gasa, ba don an kama su da laifi ba, sai don ba a yi musu yawan gwajin da ake buƙata kafin gasar ba. A Faris, Favour Ofili, wadda tana cikin waɗancan goman, ta cancanci tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba, kuma ƙasar ta dawo ba lamba ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Koci na gaske rayuwarsa kaf a kan wannan take: ya san cewa wasan Afrilu tun watan Agusta ake cinsa, a zauren da babu 'yan kallo, kuma ya san cewa abin da ɗan ofis yake gani ƙaramin jinkiri, ga ɗan wasa shekara huɗu ce ta zube. Wannan sani shi ne jarin da Maljkovic ya shiga ofis da shi, kuma ba a samunsa a littafi.

Akwai wata suka da ta fi ta farko nauyi, ita ce ta hali. Maljkovic ya yi suna da tsanani, kuma zamansa da Wilkins a Atina bai yi daɗi ba duk da kofin da suka ci tare. Koci sarki ne a zaurensa, ya ce a yi a yi, wanda ya ƙi ya zauna a benci. Shugaban kwamiti kuwa zaɓarsa ake yi, kuma waɗanda suka zaɓe shi su ne shugabannin hukumomin da yake son su gyara aikinsu. Ba zai ajiye shugaban hukumar kokawa a benci ba, sai lallashi da ciniki da haƙuri. Manyan masu horarwa da dama sun shiga ofis sun kasa saboda wannan. Amsar da nake da ita ita ce, koci a babbar ƙungiyar Turai ba da 'yan wasa kaɗai yake fama ba. Yana tsakanin attajirin da ya mallaki ƙungiya, da 'yan jarida, da dillalan 'yan wasa, da magoya bayan da ba su san haƙuri ba, kuma wanda ya yi kusan shekara ashirin yana wannan a Faransa da Girka da Sifaniya ya koyi siyasa ko bai so ba. Sannan ƙasarsa tana da abin misali. Borislav Stankovic likitan dabbobi ne da ya horar da OKK Belgrade ta ci gasar Yugoslabiya, ya ci gasar Italiya da Cantu a 1968, sannan ya zama babban sakataren FIBA daga 1976 zuwa 2002. A zamaninsa aka kada ƙuri'ar 1989 da ta buɗe wa 'yan NBA ƙofar Olamfik, abin da ya kawo shahararriyar tawagar Amurka ta 1992 ya kuma yaɗa wasan a duniya. Idon koci ne ya gane cewa 'yan wasan sauran ƙasashe ba za su kamo na Amurka ba sai sun riƙa karawa da su, ko da za su sha kashi da farko.

Inda tarihin benci ba ya ba da lamuni shi ne dangantaka da gwamnati. Wasannin Sabiya sun dogara ƙwarai da baitulmali. Gwamnati ce ta yi alkawarin Yuro 200,000 ga duk wanda ya ci zinare a Faris, ita ce kuma ke biyan tsofaffin gwarzaye alawus na tsawon rai. Dokokin Olamfik suna buƙatar kwamitin kowace ƙasa ya kasance mai cin gashin kansa, alhali wanda ke ciyar da kai yana da wuya ka ce masa a'a. Kofi huɗu suna ba mutum kwarjinin da minista zai saurare shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kwarjini ana iya amfani da shi don kare 'yan wasa, ana kuma iya aronsa don ƙawata masu mulki. Mutanen zamanin Maljkovic sun ga ƙarshen abin da siyasa ke yi wa wasa. Yugoslabiya ce zakaran duniya a 1990, zakaran Turai a 1989 da 1991, amma takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Mayun 1992 ya hana tawagoginta zuwa Barcelona, Kukoc da Radja suka buga wa Kuroshiya, Divac ya zauna a gida. Shi kansa Maljkovic, ɗan Sabiya haifaffen Kuroshiya wanda ya yi sunansa a Split, ƙasar da ta haife shi ta tsage a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan ya isa ya sa mutum taka-tsantsan, amma duk mai auna shugabancinsa da gaske a nan ya kamata ya fi zuba ido, fiye da teburin lambobi.

Saura zargi guda da aka saba yi wa duk wanda ya fito daga wasa ɗaya ya shugabanci dukkan wasanni, wato zai ja ruwa zuwa gonarsa. A Sabiya, inda ƙwallon kwando ta kusa zama addini kuma Divac ma daga cikinta ya fito, tsoron yana da tushe. Alƙaluman gasar bazara biyun da aka yi a ƙarƙashinsa ba su goyi bayan zargin ba. Tsakanin Tokyo da Faris ƙasar ta samu lambobi 14, shida na zinare, a wasanni takwas: taekwondo, karate, harbin bindiga, kokawa, tanis, ƙwallon raga, ƙwallon ruwa da ƙwallon kwando. Biyu kaɗai daga cikin 14 ɗin ne suka fito daga wasan Maljkovic, kuma dukansu na tagulla ne.